Ranar Da Kika Haife Ta

    

Yau maganar tamu da ke ce, ke da kika aurar da 'yarki, ko kike shirin aurar da ita. Tambaya guda zan fara yi miki: shin yarinyar nan ta san labarin ranar da kika haife ta? Da wane lokaci ta faɗo, wa ke kanki, a wane ɗaki, wace wahala kika sha, me kika fara faɗa da aka miƙo miki ita? Ko kuwa iyakar abin da ta sani shi ne lambobin da ke jikin katinta?

Na san da zarar an ce ranar haihuwa, hankalin wasu zai tafi kan kek da kyandir da ɗaukar hoto da waya. Wannan magana ce daban, malamai sun yi bayani a kanta, kowa ta bi abin da aka karantar da ita. Ni abin da ya dame ni shi ne abin da ke ajiye a kan uwa, wanda in ba ta faɗa ba, da shi za ta tafi.

Mu Hausawa ai ba mu taɓa raina ranar haihuwa ba, a cikin laƙabi muke adana ta. Wadda aka haifa ran Litinin Altine ce ko Tani, ta Talata Talatu, ta Laraba Balaraba, ta Alhamis Lami, ta Juma'a Jummai, ta Asabar Asabe, ta Lahadi Ladi. Wadda ta zo cikin watan azumi Azumi, ta ranar idi Tasalla, ta tsakiyar damina Marka. Mace bayan maza Kande ce, 'yar ƙarshe Auta. Ko Hajiya Gambo Sawaba, wadda asibitin Ƙofar Gayan ke ɗauke da sunanta, ai sunan yankanta Hajaratu, an ce mata Gambo ne don ta biyo bayan tagwaye a shekarar 1933. Kin ga ke nan laƙabi yakan faɗi rana, yakan faɗi wata, yakan faɗi wa ta bi. Amma bai faɗin shekara, bai kuma faɗin abin da uwa ta gani. Wannan sai daga bakinki.

To, a nan ne kunya take shigowa. A al'adarmu uwa ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, sau da yawa ma da an yaye ta sai kaka ko goggo ta ɗauke. Kunya ado ce, ba ni zan ce a yar da ita ba. Sai dai ki lura da abin da takan jawo: 'yar da haihuwarta ta fi ba ki wuya, ita ce wadda ta fi kowa rashin jin labarin. Auta takan ji nata a bakinki ana dariya, ita kuwa babbar sai dai ta tsinta a bakin wasu, rabi da rabi.

Wata baiwar Allah daga Ƙofar Galadima ta aiko mana da saƙon murya ta wayar ƙaramin ɗanta, ta ce kada a faɗi sunanta, amma ta yarda a karanta muku. Tun daga farko har ƙarshe ba ta kama sunan 'yar ba, "yarinyar nan" kawai take cewa. Ga abin da ta ce:

"Shekarar da Abacha ya rasu ne, da azumi, ana tsananin sanyi, hazo ya rufe gari har ba ka hangen kan rimi. Ina gidanmu na je goyon ciki. An wuce azumi goma don yara sun fara tashe, amma ba a kai rabi ba. Kwana da kwanaki ƙafafuna a kumbure, zobe ya ƙi fita daga yatsa, kaina yana sara, idona yana ganin wasu taurari. Tsofaffi suka ce ai haka cikin fari yake. Ran Laraba bayan an sha ruwa naƙuda ta taso, na yi shiru don kunya, na kama ƙafar gado ina jin yara suna tashe a zaure. Daga nan ban ƙara sanin inda nake ba. Innata ce ta ba ni labari, wai jijjiga ce ta kama ni, aka buga wa maƙwabci ƙofa ya fito da mota. Da asuba ran Alhamis aka samu yarinyar. Ni ban gan ta ba sai ran Juma'a, an naɗe ta a tsohon zanen Inna, 'yar mitsitsiya, gashi cike da kai."

Ta ci gaba da cewa: "Ina tuna ranar da ta fara tsayuwa, turmi ta dafa. Ina tuna ranar da aka kai ta yaye, na kwana ban runtsa ba amma ban nuna ba. Ina tuna yadda take gudun kitso ta ɓoye bayan randa, da ranar da ta yi sauka, da ranar da aka zo ɗaukarta zuwa ɗakin miji, ina ƙuryar ɗaki ina jin guɗa har motoci suka tashi. Duk shekara in na ji yara sun fara tashe sai in ce a raina yarinyar nan ta ƙara shekara, in yi mata addu'a, in kai sadakar kunu. Ita ba ta sani ba. Yanzu tana Kano da cikin fari. Ƙanwarta ta ce mini a wurin awo an tambaye ta ko mahaifiyarta ta taɓa yin hawan jini da ciki, ta ce a'a. To ni yaya zan yi in gaya mata?"

Allah sarki. Inna, mun ji, kuma mun gode da kika yarda 'yan'uwa su amfana. Bari mu ɗauki maganarki ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, Inna ta ce katin asibiti gara ta cinye shi a cikin adaka, katin ɗan ƙasa na yarinyar kuwa 1 ga Janairu 2000 aka rubuta, wani ne ya cike mata a makaranta. To ku ji yadda ƙwaƙwalwar uwa ta fi katin daidai. Janar Sani Abacha ya rasu ran 8 ga Yuni 1998. Azumin da ya biyo baya ya kama ne wajen 19 ko 20 ga Disamba na wannan shekarar. Tashe sai an yi azumi goma ake farawa. Alhamis ɗin da ta faɗo bayan goma, kafin rabin wata, guda ɗaya ce: 31 ga Disamba 1998. Ke nan katin ya rage wa yarinyar shekara guda da kwana ɗaya. Da mutuwar shugaba, da sanyi, da tashe, da sunan rana, Inna ta fitar da kwanan watan da takarda ta ɓatar.

Ke ma za ki iya wannan lissafin. Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kwana 10 zuwa 11, shi ya sa azumi yake zagayawa, yau cikin zafi, gaba cikin sanyi, gaba cikin damina, sai bayan kimanin shekara 33 ya dawo inda ya tashi. In kin haihu da azumi cikin zafin bazara, ki duba tsakanin 1988 da 1991, lokacin azumi yana kamawa a Maris da Afrilu. In cikin hunturu ne, ki duba daga 1995 zuwa 2001. Sai ki haɗa da wani abin da ya faru wanda kowa ya sani. An cire Jihar Katsina daga Kaduna a 1987. An yi ƙidaya a 1991, an sake yi a 2006. Zaɓen Abiola da aka soke a 1993 ne. Babbar annobar sanƙarau a 1996. Mulki ya dawo hannun farar hula a 1999. Wayar salula ta shigo a 2001. Takardar naira dubu ta fito a 2005. Husufin ranar da ya firgita mutane da hantsi ran 29 ga Maris 2006 ne. Ga manyanmu kuwa, naira ta maye gurbin fam a 1973, marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris ya hau gadon sarauta a 1975, an kashe Janar Murtala a 1976. In kin ce "tana goye aka yi kaza", ko "ina da cikinta aka yi kaza", to an kusa kamo shekarar. Sauran aikin na yaran gida ne, akwai kalandar da ke juya Hijira zuwa Miladiyya a cikin wayoyinsu.

Wata za ta ce, yo mene ne amfanin wannan wahala, tunda yarinya ta girma? Amfanin shi ne zamani ya koma na takarda. Tun 2021 ba a rubuta jarrabawar JAMB sai da lambar katin ɗan ƙasa, layin waya ma sai an haɗa shi da ita, haka fasfo na aikin Hajji da asusun banki. In kwanan watan da ke wannan takarda ya saɓa da na waccan, sai a yi ta dawo gobe. Gyara yana yiwuwa, amma da kuɗi, da zirga-zirga, da takardar shaida daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wadda ta riga ta girma, ita da mai gidanta su duba abin da ya fi musu. Amma jikokinki kada a maimaita musu. Dokar 1992 ta wajabta yi wa jariri rajista cikin kwana 60, kuma rajistar jariri kyauta ce, ana samun ma'aikatan hukumar a asibitoci da sakatariyar ƙaramar hukuma. Duk da haka binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista. Ba sai mai jego ta fita ba. Kafin a gama wankan arba'in, ki tuna wa surukinki ko ɗanki ya je ya karɓo.

Na biyu, kuma shi ne mafi nauyi, maganar lafiya. Abin da Inna ta kwatanta, kumburi da ciwon kai da ganin taurari sannan jijjiga, shi ne hawan jini na masu ciki da ya kai maƙura. Ya fi kama mai cikin fari, kuma likitoci sun tabbatar macen da mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi shi ta fi sauran mata haɗarin yin sa. Wannan ne dalilin tambayar da ake yi a wurin awo. In yarinya ta ce a'a alhali amsar i ce, an rage wa ma'aikaciyar jinya abin da za ta sa ido a kai. In ta ce i, za a riƙa auna jininta da fitsarinta da kulawa, a gaya mata alamomin da in ta gani ba ta jiran gari ya waye, a kuma shirya ta haihu a asibiti. Saboda haka Inna, wannan ba maganar da za a jira tashe ba ce. Yau ko gobe saƙon ya isa Kano. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ba hawan jini kaɗai ba. In akwai ciwon suga a danginki, ki faɗa mata. In kin haifi tagwaye, ko innarki ta haifa, ki faɗa mata, don tagwayen da ba su kama da juna sukan bi dangin uwa. In kin rasa yara da ciwon ƙashi da rashin jini, ki faɗa mata, ta san matsayin jininta da na mijinta game da sikila. In jariranki sun yi shawara a makon farko, ki faɗa mata. In bayan haihuwa kin yi kumburi da haki da tari in kin kwanta, wannan ma ki faɗa. A nan Zariya, a shekarun 1970, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata masu ciwon zuciya bayan haihuwa, suka danganta yawansa da kunun kanwa mai yawa da tsananin zafin wanka da kwanciya kan gado mai wuta a ƙasa. Binciken da ya biyo baya ya nuna akwai wasu dalilan ma, amma darasin yana nan: mai jegon da ke kumbura tana haki, asibiti za a kai ta, ba ƙarin kanwa za a yi mata ba.

Har yanzu dai a Zariya, tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun rubuta bayanin haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti. Abin da ya fito fili shi ne mutuwa ta fi yawa, nesa ba kusa ba, a cikin matan da ba su je awo ba sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Jariran nan yau iyaye ne, wasunsu ma kakanni, wataƙila da ke a cikinsu. Su an rubuta nasu. Amma mafi yawan haihuwa a yankinmu a gida ake yi, babu fayil, babu kati. Fayil ɗin ke ce, sai unguwarzoma in tana raye.

Na uku, yaya za a faɗa ba tare da an keta kunya ba? Ai mu mata mun san hanyoyi. Kina iya aika ƙanwarki ko aminiyarki ta zaunar da ita. Kina iya yin abin da Inna ta yi mana, ki ɗauki saƙon murya ke kaɗai a ɗaki, a tura mata, ba ido da ido ba. In ta zo goyon ciki ko wankan gida, kina iya ɗaukar jikan a cinya kina ba shi labarin ranar da aka haifi uwarsa, ita kuwa tana gefe tana ji. In kina rubutu, da ajami ko da boko, ki samu ɗan littafi, kowane ɗa da shafinsa: rana, wata, lokaci, wuri, wadda ta karɓi haihuwar, abin da ya same ki. In ba ki rubutu, ki faɗa, 'yar makaranta ta rubuta. Ki sa shi a leda, ki ajiye inda gara da ruwa ba su kaiwa.

Kuma don Allah kada ki tsaya a kan wahalar kaɗai. Ki gaya mata turmin da ta dafa. Ki gaya mata daren yaye. Ki gaya mata duk shekara kina ƙirga mata. Yarinyar da aka kai wani gari, cikin dangin miji, ga ciki ga kewar gida, wani lokaci takan zaci ita ce ba a damu da ita ba, tunda ta tashi tana ganin ana wasa da ƙannenta ita ana kau da kai. Mu mun san kawaici ne. Ita fa, wa ya taɓa fassara mata? Kalma biyu daga bakinki za su zauna mata a zuciya fiye da turmin atamfa.

Kada ki ce ke ba kowa ba ce, wa zai damu da labarinki. A garin Giwa, nan ƙasar Zazzau, tsakanin 1949 da 1950, wata tsohuwa da ake kira Baba ta zauna ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta: aure, suna, goyo, riƙo, zaman gida. Baba ba ta yi boko ba, ba ta ma haihu ba, 'ya'yan riƙo ta raina. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya don a san yadda matan Hausa suka rayu. Abin da ya bambanta ta da sauran tsofaffin zamaninta shi ne an tambaye ta, ita kuma ta faɗa. Wannan ya shafe ki ke ma mariƙiya, da ke matar uba da kika tarar da yarinya kika raine ta: abin da kika sani na haihuwarta amana ce a hannunki, ki miƙa.

Ku kuma ƙannena da kuke ɗakunanku, kada ku jira sai an kira ku. In kin je ganin gida, ki zauna kusa da Inna lokacin da take tsinkar zogale ko kaɗa miya, ki tambaya a hankali. In ta kau da kai ta ce ta manta, ki bi ta wajen goggo ko yayarta. Wadda Allah Ya yi wa mahaifiyarta rasuwa, ta nemi wadda ta yi mata zaman jego, ko tsohuwar maƙwabciya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma sai babban yana nan ake tambayarsa.

To iyayena, aikin wannan makon ke nan. Ki zauna ki tuno ranar, ki kamo shekarar, a rubuta. Abin da ya shafi lafiya ki isar da shi yanzu, musamman in tana da ciki. In an yi haihuwa a gidan, a karɓo takardar jariri kafin kwana 60. Wadda ta yi lissafi ya rikice mata, ta aiko mana da abin da take tunawa, za mu taya ta warwarewa a nan cikin fili.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba masu jego ƙoshin lafiya, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.